Kada Ka Doki Wanda Ya Zo

Kaoje, farkon rani.

Zuwa ga ɗana Arzika, malamin allurar shanu a Bagudo.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga ni da uwarka da duk mai cin tuwon gidan nan. Allah ya sa ka sauka lafiya, ya haɗa ka da masauki mai albarka da maƙwabta nagari, ya tsare ka a ruwa da tudu, ya raba ka da sharrin abokin aiki da na zuciyarka. Mu muna nan ƙalau. Labarin gari ba zan ɓata takarda a kansa ba, direban da zai miƙa maka wannan ya fi ni iya shi. Rubutun kuwa ka yi haƙuri da shi, na yaƙi da jahilci ne, da furfura na koye shi. In ka ga wani wuri kamar kaza ta yi tono, ka sa ido da kyau, magana ce.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar da ka yi ranar tafiyarka, a gindin ɗorawar bakin kasuwa, kana jiran mota. Samari sun kewaye ka suna taɓa sabon kakinka, kai kuma baki ya yi daɗi, na ji ka ce:

"Fulanin ga da sunka tsere Dahomey da shanunsu, ni na san maganinsu. Rani na koro su mashayar Tsamiya. Can za ni tare su da 'yan doka, ina allura, mai jangali na gefe shina ƙirga, a gama da su rana guda."

Aka yi maka tafi, aka yi dariya. Ni dai ba na kwance wa ɗana rawani a kasuwa. Amma maganar ta biyo ni har gida, ta zauna mini a ƙirji, tuwon ranar ma uwarka ta ɗauke shi yadda ta kawo.

Ka san Ardo Manu. In ka manta fuskarsa, jikinka bai manta nonon shanunsa ba, don shi ka sha lokacin da uwarka ta kwanta ciwo kana goye. Tun ina koro jakai da gishiri da kanwa zuwa Segbana, can cikin Dahomey, a rugarsa nake sauka. Abin da ba ka sani ba shi ne dalilin ƙaurarsa. Zamanin Turawa an taɓa kawo allura ƙasar nan. Ardo, da yake shi ne babba, shi ya fara kawo garkensa, ya kuma ce wa mutanensa su biyo shi. Mai allura yana gaba, ashe mai jangali yana baya a inuwa yana ƙirga, har da 'yan maruƙa. Waɗanda suka ɓuya a daji ba abin da ya same su. Wanda ya ji kira ya zo, shi aka ɗora wa kaya, 'yan'uwansa kuma suka mai da shi abin dariya. Damina na ɗaukewa ya kaɗa shanunsa ya ƙetare iyaka, ruga da yawa suka bi shi.

Yanzu ga bushiya, annobar nan mai kashe shanu, ta ɓullo can bayan Segbana. Kai a takarda ka karanta ta, ni da idona na gan ta ina saurayi. Na ga ungulu ta ƙoshi har ta kasa tashi. Na ga dattijon Bafillace zaune a kan turke da sandarsa a hannu, ba ko saniya ɗaya a gabansa, yana kuka irin na yara. Saboda haka da muka gama yankan shinkafa na ɗauki sandata na tafi wurin Ardo, na ce ya kawo shanu a yi musu allura kafin ciwon ya iso. Ya ce:

"Bawa, ni ba allura nika tsoro ba. Wutsiyarta nika tsoro."

Na ce, "Ardo, Turawanmu sun tahi, na Faransa ma sun tahi. Wanga karo ɗana na ka yin ta."

Ya ce, "Arzika? Wanga da yash sha nonon saniyata Bodeji?" Ya yi dariya, sannan ya gintse. "Tau, in ɗanka na, ina zuwa, ran kasuwar Tsamiya ta farko bayan wata ya tsaya. Amma ka sani, saura ba su biyo ni. Suna tsayawa ƙetaren rafi su ga mi za a yi man."

Ka ji inda muke. In an yi wa Ardo abin da ka faɗa a gindin ɗorawa, waɗanda ke ƙetaren rafi za su juya da shanunsu su koma bakin bushiya, kuma ba mai sake kiransu su amsa, ko kai ko jikanka. Ni ba malami ba ne. Abin da na sani jaki da tsuntsu da akuya suka koya mini, kuma duk da kuskure na koye shi. Bari in ba ka yadda aka yi, ka ɗauki mai amfani.

Ina da wani jaki da muke kira Duna, kafin a haife ka. Ƙarfi gare shi, ga sanin hanya, ko barci nake a bayansa sai ya kai ni Kende. Wata rana da kaka ya tsinke dabaibayi ya faɗa gonar shinkafar wani mutum, ya yi ɓarna son ransa. Mai gona ya zo har ƙofar gida ya wanke ni tas a gaban jama'a. Ina nan ina huci, da la'asar sai ga Duna ya dawo da ƙafarsa, ciki ya yi tim, ya shigo ya tsaya a turkensa yana jiran in ɗaure shi. Na ɗaure shi kuwa, na ɗauko kara mai kauri na jibge shi har hannuna ya gaji. Uwarka tana bakin murhu, tana amarya a lokacin, ba ta cika magana ba. Sai da na zauna ina haki ta ce:

"Malam, kai don shinkafa kad dake shi. Shi ko ya ɗauka don ya dawo na."

Na ce ta rufe mini baki, me ta sani game da jaki. Bayan 'yan kwanaki Duna ya sake tsinkewa. Wannan karon bai dawo ba. Kuma bai daina cin shinkafar mutane ba, ita bai ga laifinta ba, tunda a gonar ba abin da ya samu sai daɗi. Gidana ya daina zuwa. Da ya hango ni sai ya ɗaga wutsiya ya yi fadama. Ni da ƙattai uku muka yini muna zagayen jaki ɗaya, mata a bakin rijiya suna ta shewa. Ka lura da wannan, Arzika. Dabba ba ta san abin da ke zuciyar mai duka ba. Abin da ta yi na ƙarshe kafin sanda ta sauka, shi take ɗauka laifinta, shi kuma za ta bari. Mutum ma da ya ci karo da sanda, nan yake dubawa. Ardo bai koyi cewa jangali wajibi ne ba. Ya koyi cewa amsa kira shi ne wauta.

Gyaran Duna ya ci mini damina ɗungum. Na ajiye kara, na koma dusa. Sai in yi fito, in ajiye ƙwarya, in ja da baya in juya masa ƙeya. Da farko sai na ɓace yake matsowa. Daga baya yana ci ina tsaye, daga baya har a tafin hannuna. Sai da ta kai in na yi fito a bakin fadama, yana cikin jakai zai ɗago kai ya taho da sassarfa. Dukan yamma ɗaya ne na yi ta biya da dusar damina guda. Don haka in ka ga mutanen ƙetaren rafi suna jan ƙafa, kada ka ce taurin kai ne. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Wani ya yi dukan, kai aka ba ƙwaryar dusa, kuma ba gaggawa a cikin aikin.

Kuskurena na biyu na gona ne. Wata shekara tsuntsaye suka addabi shinkafata, ni kuma ina ƙyashin zaman gadi. Na kafa mutum-mutumi a tsakiyar gona, na sa masa tsohuwar rigata da malfa, na ɗaura masa kara a kafaɗa kamar bindiga. Ni kaina in na hango shi da safe sai gabana ya faɗi. Kwanakin farko ko ɗaya bai sauka ba, ina ta cika baki a masallaci. Sannu a hankali wani mai ƙarfin hali ya sauka a gefe, ya ci, ba abin da ya same shi. Gobe ya kawo danginsa. Ranar da na je dubawa na iske biyu zaune a kan malfar suna gyaran fiffike, sun yi mata ado da kashi. Maƙwabcina da ya zauna da majajjawa yana jifa, shi ya cika rumbu.

Ni ma na daɗe ina mutum-mutumi a gidana. "In na sake gani sai na yanka akuyar nan." "In ka ƙara sai na kore ka." Ban yanka ba, ban kora ba, har yaran unguwa suka gane, ina faɗa suna ƙarasa mini maganar. To, kada ka yi barazana da abin da ba za ka aikata ba. Kuma ka sani alkawari ma haka yake, wanda ba a cika ba riga ce a kan kara. In ka ce wa makiyaya ba za a ƙirga shanu a wurin allura ba, to kada a ƙirga, ko a zuci, ko da tsakuwa a aljihu. Ka je wurin babbanku tun yanzu, ka durƙusa ka roƙe shi ya raba ranar allura da ranar jangali, ya raba wurin, ya raba mutanen. In ya kore ka, ka koma gobe. Ka ce masa shanun da suka mutu ba a karɓar musu jangali.

Na san abin da za ka ce, don na san bakinka. Za ka ce doka doka ce, yanzu ƙasa tamu ce, wanda ya gudu da haƙƙin hukuma ba a lallashinsa. Ban ce kada a biya ba. Ni ma ina biyan haraji ina guna-guni, amma ina biya. Cewa na yi ba a gudu ana susar takashi. Kai allura aka ba ka, ba a ba ka sanda ba. In shanu sun rayu, mutane sun dawo sun kafa ruga a ƙasarsu, mai jangali ya san hanyar ruga, ba sai ka yi masa jagora ba. Mulkin kan da kuke ta waƙa, in talaka ya zo ya iske hannun da ke kiransa shi ne ke marinsa kamar da, to tuta kawai aka sake.

Akwai kuma akuyar uwarka, Kyalla, wadda ka sani. Kowa na cewa Allah ne ya yi ta da baki. Ƙarya ne, ni na yi ta. In na zauna cin tuwo sai ta zo ƙofar zaure tana kuka, ni kuma don in huta sai in jefa mata loma. Da abin ya ishe ni na ce na daina. Sai dai ba na daurewa. Yau in hana, gobe in hana, jibi ta yi ta ihu har kaina ya ɗauki zafi in jefa mata. Ashe da haka nake koya mata cewa in ƙaramin kuka bai biya ba, babba zai biya. Da kullum nake ba ta ma da ta fi saurin dainawa. A wurin aikinka za ka gamu da masu halin Kyalla. Wani zai ɗaga murya don a fara da shanunsa, wani zai turo maka ƙwaryar man shanu ko ɗan rago. In ka karɓa sau ɗaya, ko ka sa mai ihu gaba sau ɗaya, ka buɗe makaranta, kuma ɗalibai za su yi yawa. Wanda ya zo da wuri ya yi shiru, shi za ka fara dubawa, a gaban kowa.

Na sa direba ya kawo maka buhun kanwa tare da takardar nan. Ba taka ba ce, ta shanu ce. Ka zuba a kwami a mafitar shinge, duk saniyar da aka soka ta fito ta iske abin lasa. Ka hana leburorinka murɗa wutsiya da duka, ku yi aikin da sanyin safiya. Alamar nan da kuke yankewa a kunne, ka nuna wa mai shanu ka gaya masa dalilinta kafin ka sa ƙarfe, don Bafillace ya san kunnen kowace saniya tasa kamar yadda ya san fuskar 'ya'yansa. Baɗi za ku sake kiran shanun nan. Abin da suka iske bana, shi za su tuna.

Saura ɗaya, kuma shi ya fi nauyi. Na yi wa jaki kuskure, na gyara, amma hankalin bai bi ni cikin gida ba. Kana da kamar shekarun kaciya na ba ka jaki da mangul biyu na gishiri ka kai Matsinkai, kai da ɗan maƙwabcinmu da nasa kayan. Kuka bar hanya kuka bi ta rafi don ku yi wanka, jakai suka kwanta a ruwa, gishiri ya narke. Shi abokin naka ya je gida ya ce kwale-kwale ne ya kife, aka yi masa sannu, har da fura aka dama masa. Kai ka zo ka tsaya a gabana, riga jiƙe, ka ce:

"Baba, ni nab bi da shi rafi. Ba wanda yas sa ni."

Na kwance igiyar jakin na dake ka da ita. A raina don gishiri na dake ka. Ka gane sauran, ba sai na faɗa ba.

Daga ranar ba ka sake kawo mini magana ba, mai daɗi ko marar daɗi. Ba ka zama maƙaryaci ba, Allah ya tsare, amma ka zama mai shiru. Cin jarrabawarka a bakin mai aski na ji. Ciwon da ka yi a makaranta sai da ka warke uwarka ta gaya mini. Wannan aikin ma da ka samu, a kasuwa aka yi mini barka, na amsa kamar na sani, na dawo gida na shige ɗaki. Abin yana mini ciwo, Arzika, ciwo mai yawa, kuma ba ni da wanda zan kai ƙara, tunda ni na koyar da darasin kuma ka iya shi da kyau. Na yi ta ajiye ƙwaryar dusa shekara da shekaru yadda na iya, sai dai mutum ya fi jaki riƙo. In Allah ya ba ka 'ya'ya, ko ya sa wasu a ƙarƙashinka, wanda ya zo da ƙafarsa ya ce ya yi ɓarna, ka fara ce masa madalla da ka faɗa. Maganar ɓarnar a yi ta daga baya, in rai ya huce.

To, ga abin da na yanke, kuma ba shawara nake nema ba. In babbanku ya ƙi, in ya ce lalle sai mai jangali da 'yan doka sun zauna a mashaya, ka aiko mini kafin wata ya tsaya, ko ka zo da kanka. Wallahi ba zan ɗaga maka murya ba. Tabarma zan shimfiɗa maka, in ce madalla da ka faɗa, sannan in je in gaya wa Ardo gaskiya, mu nemi wata dabara. In kuwa ban ji daga gare ka ba, zan ɗauka hanya lafiya take.

Na san ni na koya maka shiru, don haka ba zan bar Ardo ya ɗauki kasadar shirunka shi kaɗai ba. Na gaya masa tun a rugarsa, na kuma gaya wa uwarka, ta yi faɗanta ta gaji ta fara daka mini guzuri. Zan riga ranar zuwa Segbana. Ranar kasuwar Tsamiya, in ka ɗaga kai ka hango garke yana gangarowa rafi, tsohon da ke gaba riƙe da igiyar saniyar farko ni ne. Ni zan fara ƙetarewa, ni zan fara isowa gabanka. In akwai 'yan doka a bayan kalgo, ni za su fara kamawa, kuma ba zan gudu ba, gwiwoyina ma ba za su yarda ba. Mutanen ƙetaren rafi za su zuba ido, abin da ka yi mini shi za su koya.

Wata rana ka zo gabana da ƙafarka, igiya tana hannuna, ka ga abin da na yi. Yanzu ni zan zo gabanka da tawa ƙafar, igiyar tana hannunka. Ina roƙon Allah ka fi ni.

Allah ya yi maka albarka, ya sa hannunka ya zama magani, ya kau da bushiya daga ƙasarmu da ta maƙwabtanmu. Ya tsare fitarka da shigarka, ya dawo mana da kai lafiya ka iske mu lafiya. Uwarka ta ce ka riƙa tafasa ruwan da za ka sha, kuma kada ka bar kanwar a inda raɓa za ta taɓa ta. Sai mun haɗu a bakin rafi, in Allah ya kai mu.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Bawa Mai Jakai.